Fatawar Dawuda a Bakin Iyakar Harami

Duk unguwar Tandabawi ta Makka babu wanda ya kai Dawuda sanin abin da ba a tambaye shi ba. In wayarka ta ƙi kama caji ya san dalili, in gwiwar tsohuwarka ta matsa mata ya san magani. In kuwa gardamar addini ta tashi a wajen shan shayi, kafin masu karatu su gyara zama ya riga ya yanke hukunci, ya kora da ruwan zafi. A Makka aka haife shi. Kakansa ne ya tako daga ƙasar Kano ya zo aikin Hajji bai koma ba, shi kuma Dawuda ya ɗauki wannan a matsayin ya sauke duk littattafai. Kana ja da shi sai ya dafa ƙirji ya ce, "Ya shaikh, ni da na buɗe ido na ga Ka'aba za ka koya wa?"

Aiki ne dai ya ƙi zama a hannunsa. Ya yi tsaron shagon turare, ya riƙa gaya wa masu saye cewa na shagon gaba ya fi ƙamshi, wai don su san shi mai gaskiya ne. Ya yi jagora a Mina lokacin Hajji, ya kwashi alhazan Indunusiya ya zube su a tantin Turkawa, kuma har yau yana nan a kan bakansa cewa tantunan ne aka kafa ba daidai ba. Da abin ya ishi yayarsa Ummulkhairi, sai ta sa mijinta Abdulƙadir a gaba da roƙo. Abdulƙadir yana da ɗan ofis a unguwar Aziziyya mai hidimar masu Umara daga Najeriya da Nijar, mutum ne mai sanyin magana amma ba ya maimaita ta. Ya kira Dawuda ya miƙa masa makirfon bas ɗin da ke kai baƙi Tan'im, inda mai son sake Umara yake fita bayan iyakar Harami ya ɗaura harami ya dawo.

"Abu Rakan, wannan ce ta ƙarshe," in ji shi, yana kiran Dawuda da alkunyarsa irin ta Larabawa. "Don yayarka na yi."

"Abu Manar, ka kwantar da hankalinka. Wannan makirfon ya zo gida."

Kuma a wannan karon bai yi ƙarya ba, don Dawuda ya so makirfon nan so na tsakani da Allah. Tun da yake bai taɓa samun aikin da ake biyan mutum ya yi ta magana, jama'a cike da mota suna cewa amin ba. Yana goge shi da gefen shimaginsa, wato mayafin kai irin na Larabawa, yana busa shi kafin ya fara, ba ya barin kowa ya taɓa. In aka raba shi da wannan makirfo, to an gama da shi a Tandabawi, kuma ya san haka.

Sai ga caca ta shigo. Yana kallon ƙwallo a waya wani talla ya faɗo masa: tebur ne da faranti mai juyawa, gidaje ja da baƙi, da wata mata a tsaye tana jefa 'yar ƙwallo kai tsaye, tana Larabci mai zaƙi, tana kiran 'yan wasa da sunayensu. Dawuda ya kalli farantin ya juya sau biyu, ya ce ya gano lagonsa.

Abokinsa Bandar ya fara kai wa labarin a wajen mai shayi. Bandar haifaffen nan ne shi ma, Hausarsa rabi ce, sauran ya cike da Larabci.

"Esh hada, ya Dawuda? Ƙimar? Caca? A Makka? Kai majnun ne?"

"Wa ya ce maka a Makka? Saurara ka ƙaru. Zunubi a cikin Harami nauyinsa daban ne, ko ba haka ba?"

"Sah."

"To Tan'im fa?"

"Barra. Waje ne."

"Khalas. Kullum ina kai baƙi can. Kafin su yi wanka, su ɗaura harami, su yi nafila, ni ina tsaye ba aikin komai. A nan zan yi abina, a bayan iyaka."

Bandar ya ajiye kofi. "Yani a waje halal ne?"

"Ban ce halal ba. Na ce farashin waje."

"Wallahi haram ne ko a cikin teku ka yi shi. Kuma in hukuma ta kama ka, ba ruwanta da iyaka."

"Kai matsalarka ba ka da zurfi," in ji Dawuda. "Wannan duk na wuce shi. Mas'alar da ta hana ni sukuni ɗaya ce: taɗbiƙ ko burauza?"

Ya zaro wayar ya shiga bayani, har mutanen teburin gefe suka juyo. Gidan cacar, in ji shi, yana da ƙofa biyu. Akwai taɗbiƙ, wato manhajar da ake saukewa ta zauna a cikin waya. Ita ce mai sauri, hoto tas, murya tas. Amma fa 'yar haya ce, da kayanta take tarewa. Duk wanda ya dawo Makka da ita a aljihu ya shigo da gidan caca sukutum cikin Harami, in ya je ɗawafi ma da shi zai zaga. Burauza kuwa leƙe ne ta taga: ka buɗe shafi, ka leƙa, ka rufe, ka kaɗe rigarka ka shigo gari tsaf.

"Saboda haka mai tsoron Allah burauza yake bi," ya ƙarasa.

"Mai tsoron Allah gida yake tafiya," in ji Bandar.

"Ka ga irinta ko? Ba zurfi."

Washegari bas ya tsaya a filin masallacin Tan'im, baƙi suka watse wajen wanka. Dawuda ya raɓe bayan wata mota, ya kunna manhajar ɓad-da-sawu, don shafukan caca a toshe suke a ƙasar, sannan ya buɗe burauza. Matar ta bayyana. Sunanta Nora, haka aka rubuta a ƙasan hoton. Ta ce, "Ahlan, Abu Rakan." Dawuda ya waiga hagu da dama, ya gyara zaman shimagi, ya amsa a hankali, ko da yake ba ta jin sa.

Ya sa kuɗi a gidan ja. Farantin ya juya, ƙwallon ta yi tsalle, ta sake tsalle, sai hoton ya sandare. Nora ta tsaya baki buɗe, ido ɗaya a rufe. Dawuda ya girgiza wayar, ya ɗaga ta sama, ya busa ta kamar yadda yake busa makirfo. Da hoton ya dawo an riga an kwashe tebur, abin da ya sa ya bi ruwa, Nora tana yi wa wani Abu Fahad murna.

"Ba faɗuwa na yi ba," ya gaya wa kansa. "Ban gani ba ne."

Ya shiga farautar sabis. Ya bi layin motoci idonsa a kan waya, ya wuce masu sayar da harami da silifa, ya taka wa wani Bafakistane ƙafa bai ko waiga ba. Can sai sandunan sabis suka cika, hoto ya washe, muryar Nora ta fito garau. Ya yi hamdala ya ɗaga kai, sai ya ga alamar iyaka a bayansa. Yana cikin Harami tsundum, shafin caca a buɗe a hannunsa. Tsallen da ya daka baya, ko ɗan akuya sai haka.

Nan ya tsaya ya yi nazari irin nasa. Sabis yana ciki, rangwame yana waje. To wa ke cacar, shi ko wayar? Ya yanke cewa shi ne, tunda waya ba ta da littafin ayyuka. Sai ya kafa ƙafafunsa biyu a waje, ya miƙa hannu da wayar ya tsallakar da ita ciki, ya karkata yana leƙen allon da ido ɗaya, ɗaya hannun a sama don kada ya kifa.

A haka Hajiya Shatu ta same shi. Tsohuwa ce daga ƙasar Sakkwato, wadda ta zo da niyyar yi wa duk mamatanta Umara, ɗaya bayan ɗaya, don haka kullum tana cikin bas ɗin. Ta gama da iyayenta, ta gama da mijinta, ta shiga kan gwaggonni.

"Ɗan nan, mi kaka yi haka?"

Dawuda ya kife wayar. "Sallama ce, Hajiya. Sallama nake yi wa Harami kafin mu shiga."

"Ashe ana yi? Yau kwana nawa ina shiga ba sallama, ba ka hwaɗa muna ba?"

"Ba kowa ake gaya wa ba, Hajiya. Sai wanda ya yi nisa."

Kashegari da ya zo bakin iyakar, ya tarar da rabin bas ɗinsa sun riga shi. Sun jeru cikin fararen harami, ƙafafu a waje, hannun dama a miƙe ciki da waya, na hagu a sama. Wanda ba shi da waya ya miƙa carbi. Wasu Turkawa da ke wucewa suka tsaya, suka yi shawara a tsakaninsu, biyu daga ciki suka shiga sahu. Direban bas ɗin, Mahmudu, wanda iyayensa suka zo ta Chadi, ya jingina da ƙofa yana kallo.

"Ustaz Dawuda, wannan a wane littafi take?"

"Kai dai ja mota."

"Ina ja. Tambaya na yi, ko ni ma in miƙa sitiyari."

Ranar Dawuda bai samu wurin tsayawa ba, balle ya leƙa Nora. Ya koma Tandabawi ya sanar da Bandar cewa bayan dogon bincike ya sauya fatawa. Burauza ta cika sanyin jiki, kuma tana jawo jama'a. Taɗbiƙ za a koma, don ita ko sabis ya yi rauni tana riƙewa, ana iya yin ta daga can bayan masallaci.

"Ba kai ka ce 'yar haya ce ba?" in ji Bandar.

"Sai in ba ta notis kullum. In sauke ta a Tan'im, in goge ta kafin mu tsallaka."

Saukewar ce ta zama aiki. Manhajar ba a kasuwar waya take ba, sai ta wani lungu, kuma tafiyar hawainiya take. Kafin ta gama sauka baƙi sun idar da nafila, sun cika bas, suna fifita da takardun masauki. Dawuda ya ɗauki makirfo don ya ja lokaci, wayar a tafin hannunsa yana satar kallonta. Ya ba da tarihin Tan'im. Ya ba da tarihin dutsen da ke dama da Tan'im, da na hagu. Da tarihi ya ƙare ya shiga ƙirƙira, har ya nuna wani shagon sayar da ruwan lemo ya ce a nan raƙuman Sham suke kwana. Mahmudu ya danna ham.

"Ustaz, mutane sun yi niyya, rana tana yi."

"Ilimi nake ba su."

"Sun ƙoshi. Wancan dattijon ma ilimin ya sa shi barci."

Manhajar ta gama sauka daidai lokacin da Mahmudu ya saki birki. Dawuda ya buɗe ta, Nora ta ce ahlan, ya goge ta. Iyakar abin da ya samu ke nan ranar.

Sai ya kawo dabara ta uku. Ya samo tsohuwar waya, ya sa manhajar a ciki, ya ce ita wannan 'yar waje ce, ba za ta taɓa shiga Makka ba. Ya naɗe ta a leda ya cusa ƙarƙashin wani dutse a bayan filin motoci, ya koma gida yana yaba wa kansa. Bai yi shawara da ranar Makka ba. Da ya dawo ya tarar batirin ya kumbura ya yi tozo kamar gurasar tamis da aka ciro daga tanda, murfin ya ɓalle, allon ya yi baƙi. Ya tsaya a kanta jim, ya ce dama wayar ba ta da asali.

Duk wannan abin da ake yi, labari yana tafiya Aziziyya. Baƙi sun koma masauki suna koya wa sababbin zuwa sallamar iyaka. Wani malami daga Zinder ya je ofis da kansa ya tambayi Abdulƙadir ko kamfaninsa ne ya ƙaro wani rukuni a Umara. Da safe dai Dawuda ya hau bas ya tarar da shi zaune a kujerar gaba, Ummulkhairi kuma tana tsakiyar mata a baya.

"Abu Manar! Yaya! Lafiya?"

"Umara za mu yi," in ji Abdulƙadir. "Ko an hana?"

"Ahlan wa sahlan. Yau za ku ga aiki."

Mai hankali da ya haƙura ranar. Amma Dawuda tun a hanya yake lissafin cewa baƙi ya fito sau da yawa a jere, ja ta matso, kuma ba zai bar wani Abu Fahad ya kwashe rabonsa ba. Suna isa, kowa ya nufi wajen wanka, ya zaga bayan masallaci. Kamar da gangan, ranar manhajar ta sauka nan take. Hoto tas, murya tas. Ya tattara abin da ya rage masa ya ɗora a ja.

Kafin Nora ta jefa ƙwallo ya ji an ce, "Abu Rakan, yalla." Abdulƙadir ne a bayansa, cikin harami. Dawuda ya danne maɓallin gefe, allon ya mutu, ya jefa wayar a aljihun tobinsa, wato jallabiyarsa, ya bi shi zuwa mota yana murmushi. Ya san in burauza ce, allo na mutuwa komai ya tsaya. Abin da bai tsaya ya bincika ba shi ne, ita taɗbiƙ ba ruwanta da mutuwar allo. Ya kuma manta cewa shi da kansa ya haɗa wayarsa da lasifikokin bas ɗin, yadda da an tada inji za ta kama da kanta ya sa wa baƙi talbiya, abin da ya daɗe yana cika baki da shi.

Kowa ya zauna. Dawuda ya ɗauki makirfo, ya busa, ya ce, "Alhazai, yanzu za mu saurari addu'a, duk abin da kuka ji ku amsa." Mahmudu ya murɗa makulli.

Muryar mace ta cika motar, mai taushi, daga kowace kusurwa.

"Bit-taufiƙ lil-jami'."

Baƙi suka ji taufiƙi, suka ɗaga hannuwa. "Amin!"

Dawuda ya sandare da makirfo a baki.

"Bit-taufiƙ, ya Abu Rakan."

"Amin!" Hajiya Shatu ta ƙara da cewa, "Allah Shi ba ka, ɗan nan, har sunanka an sa."

"Intahar-rihan," in ji Nora, wato an rufe sa kuɗi. Sai ƙarar 'yar ƙwallo tana tsalle a kan faranti, ƙar-ƙar-ƙar, ta ratsa motar.

"Amin!"

Abdulƙadir ya juyo a hankali. "Abu Rakan, wace ce wannan?"

"Wata... malama ce. Daga Masar."

"Me ta ce yanzu?"

"Raihan ta ce. Raihani, ƙamshin Aljanna. Addu'a ce ta neman..."

"Rihan ta ce."

"Lahajarsu ce haka. Misirawa suna cinye harafi."

"Wannan ƙarar fa?"

"Carbi ne. Carbinta ne ya tsinke."

Yana magana yana laluben aljihu. Ya danna abin da ya samu, sai ƙarar ta ƙaru har gilasai suna rawa.

"Aswad!" in ji Nora da fara'a. "Baƙi ya ci. Hazzan aufar, sai a gaba, ya Abu Rakan. Za ka sake sawa?" Duk wannan da Larabci ta faɗa, amma Mahmudu ya ga bai kamata a bar baƙi cikin duhu ba, ya juyo ya fassara musu da Hausa, kalma bayan kalma, da murya irin ta mai karanta labarai.

Hannuwa suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Malamin nan na Zinder ya ce, "Inna lillahi. Caca muka yi wa amin?" Wani daga baya ya ce sau nawa, wani ya ce shi tun a ta biyu ya ji muryar ba ta yi kama da ta masu addu'a ba. Wata mata ta tambaya ko haraminta ya ɓaci. Malamin ya ce bai ɓaci ba, tunda ba da sani ta yi ba, amma shi jagoran a tambaye shi nasa.

"Ja mota, Mahmudu," in ji Abdulƙadir.

Mahmudu ya saki birki, bas ya gangara ya nufi alamar iyaka. A nan ne Dawuda, wanda har yanzu da sauran ƙofar musu a gabansa, ya rufe ta da hannunsa. Ya hango alamar tana matsowa, ya tuna abin da ke aljihunsa, ya ƙwalla ihu a cikin makirfo.

"Tsaya! Kar ka tsallaka! Ban goge ta ba!"

Mahmudu ya taka birki, kawuna suka yi gaba suka dawo.

"Ba ka goge me ba?" in ji Abdulƙadir.

"Taɗbiƙ ɗin! In muka shiga da ita, gidan caca ya shiga Harami, kuma nauyin a kan duk motar ne. Ni fa tun farko a waje nake yi, Abu Manar, wallahi ban taɓa yi a ciki ba sai sau ɗaya, shi ma sabis ne ya ja ni. Ka tambayi Bandar, na tsare iyaka fiye da kowa. Da burauza ce ma da duk haka ba ta faru ba."

Duk wannan a cikin makirfo ya faɗe shi, har masu sayar da silifa a waje suka juyo.

Hajiya Shatu ta miƙe tana riƙe da kujera. "To ita sallamar da muka yi ta yi, hannu ciki ƙafa waje?"

Mahmudu ya ce, "Sabis yake nema, Hajiya."

"Ni da gwaggonnina huɗu muka nemi sabis?"

Ummulkhairi ta taso daga cikin mata. Ta tako har gaba, idanunta sun kaɗa, kunya da baƙin ciki sun hana ta kallon mijinta. Dawuda ya ga fuskarta, sai ya sunkuyar da kai, don duk duniya ita kaɗai ce ba ta taɓa yi masa dariya ba.

"Yaya, bari in yi miki bayani. Mas'alar tana da rassa..."

"Durƙusawa na yi, Dawuda," ta ce. "A gaban 'ya'yana na durƙusa wa mutumin nan don a ba ka wannan abin." Ta miƙa hannu. "Kawo."

Ya kalli makirfon. Ya goge shi da gefen shimagi, ya miƙa mata. Ta ba mijinta, ta koma wurinta ta zauna, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Abdulƙadir ya ce, "Tunda ba ta shiga Harami, sauka da ita."

"In na goge fa?"

"In ka goge, ka nemi mota."

Ƙofa ta buɗe, Dawuda ya sauka, ƙofa ta rufe. Lasifikokin suka saki wayarsa da bas ya yi gaba, ya ji muryar Abdulƙadir ta ɗauki talbiya a cikin makirfonsa, ba busawa ba komai, jama'a suna amsawa. Ya bi motar da ido har ta tsallaka alamar ta shige gari. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Ya ciro wayar, ya goge manhajar, ya tsaya a rana a bakin titi, ba kowa a gefensa sai masu silifa suna nuna shi da baki. Can wata tasi ta rage gudu ta tsaya a gabansa, irin masu kwasar mutane daga Tan'im zuwa masallacin Ka'aba, wanda direbobin nan suke kira Haram. Direban ya sauke gilashi, ya dube shi sama da ƙasa, ya ɗaga masa gira.

"Haram? Haram?"

Dawuda ya sauke numfashi.

"Na ji, ya shaikh," ya ce. "An riga an gaya min."